Kujerar Inna Habsu Ce Na Zauna A Kai

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, mazanku da matanku. Admin, don girman Allah ki sakaya sunana, kuma ki bar rubutun yadda yake ko ya yi tsawo, kar ki datse mini shi. Ni ba yarinya ba ce, na ba sittin baya, na aurar na ga jikoki, kuma na tabbata wasu cikinku in sunka ji sunana za su ce sun san ni. Shawara nike nema, don Allah ku ba ni ita, in akwai zagi ma ku haɗo mini da shi, na ci zagin. Abin nan ya kusa shekara arba'in yana cikina, ina ci ina sha da shi, amma cikin satin nan ya tsaya mini a maƙogwaro, ya ƙi wucewa ya ƙi fitowa.

Garinmu wani ƙauye ne a ƙasar Buza, ta hanyar Karofane, ba zan faɗi sunanshi ba. Ni ce ɗiya mace ta farko da ta yi lekol, wato makarantar boko, a garin. Na yi shekara shida na ci jarrabawa, na ƙara biyu a kwaleji a Madawa, sannan na dawo gida anka yi mini aure da ɗan maigari, wanda ni ma shi nike so. To wannan ɗan karatun da bai taka kara ya karya ba shi ya hau mini kai. Ina yawo da bik, abin rubutu, soke a ɗankwali, in mata na hira a bakin rijiya sai in riƙa jefa Faransanci don su san ba ɗaya muke ba. Yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina, amma a lokacin gani nike duk garin ba mai hankali sai ni.

Waɗanda sunka manyanta za su tuna babbar yunwar da anka yi zamanin mulkin soja, cikin shekarun tamanin. Maza sunka watse bida, wasu Abija wasu Legas, mijina ma yana cikinsu, gari ya koma na mata da tsofaffi. Bayan nan ne anka kawo aikin gyaran faƙo. Akwai wani ƙaton faƙo gabas da garinmu, ƙasa ce da ta mutu tun ina ƙarama, ko ƙaya ba ta tsira, in ruwa ya sauka sai ya gangare ya yi tafiyarshi. Anka ce a jera duwatsu a tare ruwa, a gina ramu a zuba taki. Mata ne sunka yi aikin nan, wallahi mata ne, gammo bisa kai goyo a baya, tun hantsi har la'asar, ana ba su hatsi da ɗan mai. Amma ba hatsin ne ya riƙe su ba. Alkawali anka yi gaban kowa cewa in ƙasar ta farfaɗo, duk wadda ta yi aiki za a yanka mata gamana, 'yar gonarta ta kanta da ba mai iko da ita sai ita. Ni kuwa ko tsakuwa ban ɗauka ba, ni ce mai riƙe da kaye, littafin sunaye, ina inuwa ina rubuta wadda ta zo da wadda ba ta zo ba.

Wadda ke gaban matan wata ce da zan kira Inna Habsu, ba shi ne sunanta ba. Ta girme ni da kamar shekara goma sha biyar, mijinta ya rasu cikin yunwar ya bar ta da ɗiya mata uku. Gajeruwa ce, ga murya kamar ta mai shela, ba ta san ko alif ba. Abin da ya sa mata ke ji da ita, taubashiyar maigari ce, uwarta da ubanshi ciki ɗaya sunka fito. Kun dai san wasan taubasai. Abin da ba mai iya faɗa wa maigari ita tana faɗa mishi tsakiyar fada, ta kira shi bawanta, ta ce rowa ce ta hana shi ƙiba, kuma dole ya yi dariya. Akwai ranar da ya ba masu raƙuma rijiya tun da safe alhali mata na tsaye da tuluna, ta je ta kwashe takalmanshi daga bakin tabarma ta ɗora bisa tulunta, ta ce in yana son abinshi ya biyo ta rijiya ƙafa ba takalmi. An sha dariya ranar, amma an janye raƙuman.

Ana cikin aikin sai umarni ya zo daga sama cewa kowane ƙauye ya kafa majalisar raya gari, kuma dole a ba mata kujera ɗaya. Majalisar nan ita za ta raba faƙon in an gama. Wani ma'aikaci ya zo daga Buza bisa babur, ya tara mata ƙarƙashin gawon da ke kusa da rijiya, ya ce su zaɓi wakiliya. Zaɓen lokacin ba akwati ba kati, masu so su fito su tsaya, kowace mace ta je ta yi layi bayan wadda take so. Mata sunka turo Inna Habsu. Ni ba wanda ya turo ni, ni na fito da kaina, don a ganina wa ya kai ni. Jama'a, da anka gama jeruwa na waiga, layin Inna Habsu ya wuce rijiya har ya lanƙwasa. Nawa kuwa matan gidanmu ne kawai, ba su cika goma ba, su ma kunya ce ta tsayar da su. Har ƙanwar uwata, wadda ta goya ni a bayanta, can na hango ta cikin layin Habsu.

Da la'asar na je na sami innar tawa ina kuka, na ce ta tozarta ni gaban gari. Ta ce in zauna in saurara. Ta ce ba ƙina sunka yi ba, dubawa sunka yi. Majalisar nan maigari ne zai zauna a kanta, ni kuwa surukarshi ce, ko sunanshi ba ni faɗa, ba ni cin abinci inda yake gani, in na hango shi tafe sai in kauce hanya in durƙusa, to da wane baki zan yi mishi gardama a kan gona? Habsu kuwa ko rawaninshi ta ja ba mai cewa ta yi laifi. Ta ce, "Ɗiyata, mu ba mai rubutu muke nema ba, mai baki muke nema." Ni kuwa na harzuƙa, na ce wannan tunanin jahilai ne, ni da na tsaya gaban mushe, malamin lekol, da darakta a Madawa na yi magana, wa ya isa ya rufe mini baki. Ta dube ni ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Shi ma'aikacin nan sauri yake yi, yana da wasu ƙauyuka a gaba, sai ya bar mini takarda ya ce in cike ta da Faransanci, maigari ya dangwala hannu, in ba direban motar kasuwa ya kai biro, ofishin gwamnati, a Buza. Ina so ku ji wannan da kyau, kar wani ya zo yana nema mini uzuri. Ba wanda ya sa ni. Surukina bai sa ni ba, mijina yana Abija bai ma san ana yi ba. Rana tsaka ce, ina zaune a ɗakina da takarda bisa cinya. Da na zo wurin da za a sa sunan wadda mata sunka zaɓa, sai zuciyata ta shiga raya mini cewa matar nan za ta je gaban manya ta ba mu kunya, ko gaisuwa ba ta iya da Faransanci ba, kuma ai don amfanin matan ne in ni na je. Ƙarya nike wa kaina, layin nan ne ke mini zafi. Na rubuta sunana. Na ba uwar mijina ta kai wa maigari, ya dangwala, shi da Faransanci sai kallo.

Bayan sati uku takarda ta dawo da hatimi, mushen lekol ya karanta ta a fada, sunana ya fito. Mata sunka yi cirko-cirko, sannan sunka cika gidanmu suna tambaya. Na yi fuskar mamaki, na ce ni dai Habsu na rubuta, can Buza anka goge, wai doka ta ce sai wadda ta yi lekol. Zamanin soja ne, wace mace ke da ƙarfin halin zuwa biro ta tambayi kumandan mai mulkin yankin don me? Ma'aikacin da ya ga layin da idonshi kuma bai sake tako garin ba, an maida shi wani wuri. Mata sunka yi ta tsine wa wanda ya yi wannan aiki, suna cewa Allah ya isa, ni kuma ina tsaye cikinsu ina cewa amin.

Kun san wadda ta kwantar da ƙurar? Inna Habsu. Ita ta ce wa mata su yi haƙuri, tunda ƙarfi ya fi ƙarfinmu, kuma wadda anka sa ai ɗiyarmu ce, mu mara mata baya. Ana gobe zaman rabon faƙo ta zo ɗakina ta zauna a ƙasa, ta jero mini sunan duk matar da ta yi aiki, da ka, ta fara da waɗanda mazansu sunka rasu. Ta ce abu ɗaya kawai zan faɗa, a rubuta sunan wadda ta ɗauki dutse. Har dabara ta koya mini. Ta ce, "In kunyar bawan nan nawa ta kama ki, kar ki dube shi. Dubi tabarma ki yi wa tabarma magana, kunnenshi zai ji." Muka yi dariya, na ce ta kwantar da hankalinta, an gama.

Washegari na je zauren maigari. Tun daga nesa na cire takalmi, na lulluɓe, na rakuɓe a bakin ƙofa. Maza ne cike, ga wani sabon ma'aikaci da rajista. Surukina ya buɗe magana ya ce tun kaka da kakanni mace ba ta da gona sai ta gidan mijinta, don haka a rubuta sunan masu gida, su za su yanka wa matansu. Maza sunka ce haka ne. Sai ma'aikacin ya juyo wurina ya tambaye ni da Faransanci, madam, me mata sunka ce? Kowa ya juyo. Ko ban ɗaga kai ba na ji idon surukina a kaina. Na dubi tabarmar yadda Inna Habsu ta ce, har yau ina iya faɗa muku yadda saƙarta take, amma harshena ya ƙi motsi. Faransancin da nike taƙama da shi ya gudu, Hausar ma ta bi shi. Mutumin nan ya ba ni lokaci, ya sake tambaya, ya ce mata sun yarda da wannan? Na ce "wi", wato eh. Kalma ɗaya ke nan da na faɗa a zaman, kuma da ita anka rufe rajista.

Mata na jira na a bakin rijiya. Na ce musu na yi magana har muryata ta dushe, amma an fi ni yawa. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ba namijin da ya damu ya ƙaryata ni, tunda abin ya yi musu daɗi. Faƙon ya farfaɗo kuwa, damina ta biyu gero ya yi kai har ana zuwa kallo daga wasu garuruwa. Matar da mijinta ke da tsoron Allah ta sami ɗan gefe, saura sunka tashi a tutar babu. Rabon Inna Habsu ƙanen mijinta anka rubuta wa, ya riƙe abinshi. Ta je fada ta yi wa maigari tatas da wasan taubasai, ya yi dariya ya ce, "Taubashiya, kin makara. Da ke ce a zauren nan ranar, da ban iya da ke ba, amma takarda ta riga ta tafi." Maganar nan ta zo kunnena a ranar. Ma'ana ko shi ya san da an matsa mishi da ya saki. Innata ta yi gaskiya, matan nan da nike kira jahilai sun san abin da sunka zaɓa, ni ce ban san komai ba.

Da daka da surfe da ƙwadago Inna Habsu ta raini ɗiyanta uku. Na sha ganinta tana noman ƙwadago a cikin faƙon nan, tsakanin duwatsun da ita ta jera da hannunta, ana sallamarta da yamma kamar baƙuwa. In ta gan ni sai ta miƙe ta ɗaga hauya ta ce wakiliyarmu, an gaishe ki.

Ni kuwa kujerar nan ta zame mini tsani. Daga ƙauye anka tura ni taro Buza, daga Buza zuwa Tawa, har Yamai na je, ana kira na wadda matan karkara sunka zaɓa. Da surukina ya rasu bakina ya buɗe, na iya magana har ana cewa ba a ja da ni. Da siyasar jam'iyyu ta zo kowa na nema na, na yi konsiye, wato kansila, sau biyu. Ba zan ce ban yi komai ba, na yi faɗa har anka kawo injin niƙa, na yi faɗa anka gina ɗakin haihuwa, na sa an bar 'yan mata da yawa a lekol. Amma kar ku yaba mini, don duk lokacin da anka yi mini guɗa a taro sai in tuna layin nan na bakin rijiya. Maganar faƙon kuwa ban taɓa tada ita ba ko sau ɗaya, don tsoron kar a tono rajistar a ga abin da ke ciki. Duk Salla ina aika wa Inna Habsu zane da hatsi, ita tana sa mini albarka tana cewa ban manta mafari ba, ni kuwa na san toshiyar baki nike ba zuciyata.

Mutum ɗaya na taɓa faɗa wa, mijina, Allah ya jiƙanshi. Mun yi faɗa sosai ranar. Ya ce me zai sa in tono abin da ƙasa ta rufe, in zubar da mutuncin gidan maigari da na ɗiyana, alhali gonar ba za ta dawo ba. Na ce haƙƙin mutane fa? Ya ce in yi ta istigfari in ci gaba da kyautata mata, Allah mai gafara ne. Na karɓi maganar don ita nike son ji. Ya rasu shekara shida ke nan, yanzu duk duniya ba wanda ya sani sai ni da Allah, sai kuma ku da kuke karantawa.

To ga inda abin ya kwaɓe. Ɗiyata ta biyu, ungozoma ce, ta fito takarar konsiye a kominmu, wato ƙaramar hukumarmu, kuma ana maganar in jam'iyyarsu ta ci ita za a ba magajin gari, abin da mace ba ta taɓa riƙewa ba a wurinmu. Yarinyar nan wallahi ta fi ni komai, ta fi ni gaskiya, ta fi ni zuciya, ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba. Maza 'yan adawa sun sa ta gaba, suna cewa mata ba su iya cin zaɓe da ƙarfinsu, sai dai doka ta ware musu kujera a ɗora su kamar kaya. Amsar da 'yan matan da ke mata kamfe ke bayarwa ita ce ni. Suna yawo gari gari suna cewa tun kafin a san dokar ware wa mata kujeru, matan ƙauyenmu sun yi layi bayan uwarta sun zaɓe ta. Tsofaffin da sunka san yadda layin ya kasance duk sun mutu sai ɗai-ɗai, waɗanda sunka rage kuma sun bar zancen don suna sona. Yanzu sun shirya taro ranar Asabar ta sama, za su karrama ni, har sun buga zane da hotona. Na ce wa ɗiyata ba ni zuwa, ba ni da lafiya. Ta yi fushi ƙwarai, ta ce tun tana ƙarama nike hura mata kunne cewa mace ta tsaya da ƙafarta, yau da ta tsaya zan zame in bar ta tsakiyar kasuwa. Ta ce in akwai abin da ta yi mini in faɗa mata. Ta fita tana share hawaye, kwana uku ke nan ba ta kira ni ba.

Ita kuma Inna Habsu tana kwance. Ƙafafunta sun kumbura, an kai ta asibiti Madawa, likita ya ce a maida ta gida a kula da ita, kun san ma'anar wannan. Ranar Talata na shiga mota daga Buza inda nike zaune yanzu na je ƙauye da niyyar in faɗa mata komai, na yi alwala na yi addu'a kafin in shiga. Na same ta ta rame ta koma kamar yarinya, amma bakin na nan. Tana gani na ta ce ga wakiliya, a shimfiɗa mata tabarma mai kyau kar ta ce mun raina gwamnati. Ta riƙe hannuna ta ce ta ji labarin taron Asabar, ko a amalanke ne sai an kai ta ta yi mini guɗa, kuma ta gaya wa jikokinta duk su zaɓi ɗiyata. Harshena ya sake yi mini irin ta zauren maigari. Abin da na iya fitarwa kawai shi ne, Inna ki yafe mini duk abin da na yi miki, wanda kin sani da wanda ba ki sani ba. Ta yi dariya ta ce me na taɓa yi mata ban da alheri, ta yafe mini duniya da lahira.

Har na fara jin sanyi a raina, na ce ko Allah ya yanke mini wahala. Sai ta ƙara matse hannuna ta ce tana da roƙo ɗaya. Ta ce, "Ke da kin san biro-biro, ki bincika mini ko mutumin nan na Buza da ya goge sunana yana da rai. Na yafe wa kowa, na yafe wa bawana maigari, na yafe wa ƙanen mijina. Shi kaɗai ne na kasa. Ba don kujerar ba, don matan da sunka mutu ba su taka gonarsu ba. In ya mutu shi ke nan, mu haɗu gaban Allah. In yana da rai ina so ya san ban yafe ba." Na ce to Inna, zan bincika. Na fito na zauna bayan dangarsu na yi kuka kamar wadda anka yi wa mutuwa.

Na tambayi wani malami a fakaice, kamar labarin wata ce. Ya ce haƙƙin ɗan Adam Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe, kuma yafiyar da anka karɓa da rufa-rufa, alhali mai haƙƙi ta fito fili ta ce ba ta yafe wannan laifin ba, shi kam ba zai ce mini ta wadatar ba. Tun ranar abinci ba ya shiga.

In na faɗa mata, ba a ɓoye zai tsaya ba. Ɗakinta ba ya rabuwa da mutane, jikokinta samari ne masu zafin kai kowa da waya a hannu, kafin in iso Buza labari ya riga ni. 'Yan adawa za su samu abin da suke nema, su ce ga shi nan, siyasar mata da sata ta fara, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗiyata da ba ta ci ba ba ta sha ba ita za ta biya, da duk 'yan matan da sunka fito bayanta suna ganin ƙofa ta buɗe musu. Sannan ita kanta tsohuwar, in ce mata hannun da take riƙewa tana sa wa albarka shi ne ya goge ta, anya ba ni zan ƙarasa ta ba? In kuma na ce in bari sai bayan zaɓe, saura wata biyu, kuma wanda ya ga Inna Habsu ranar Talata ba zai yi mata alkawalin wata biyu ba. Na yi tunanin in fara faɗa wa ɗiyata, amma wannan ɗora mata kayana ne, ko ta rufa mini asiri ta zama abokiyar ƙaryata, ko ta fasa takarar da ta sha wuya a kanta. Na yi tunanin in tashi a taron Asabar in faɗa da bakina gaban kowa, in ce zanen nan hoton wata ya kamata a buga a kai, sai in tuna ni ce fa wadda ta kasa buɗe baki gaban mutum ɗaya.

Don Allah jama'a ku ba ni shawara, masu ilimin addini da masu sanin siyasa da iyaye mata irina. In je in durƙusa gabanta in ce Inna ni ce mutumin Buza, komai zai faru ya faru? Ko in kare ɗiyata in yi shiru, in bar tsohuwar nan ta tafi tana jiran wani a gaban Allah, alhali na san ni ce zan fito? Jiya ta sa an kira ni a waya, muryarta da ƙyar take fita, ba ta tambaye ni komai ba sai ko na samo mata sunan. Na ce mata ina kan nema.